Doka ta Uku a Allon Ajin Sabulu

An raina mini aiki, kuma har yau ban huce ba. A taron malaman cibiyoyin mata da aka yi mana a Tarauni, wata yarinya da ba ta cika shekara biyu da fara koyarwa ba ta miƙe ta ce wai buɗe wa aji wiki aikin minti biyar ne: ki latsa nan, ki latsa can, ki tura wa ɗalibai adireshi, shi ke nan. Aka tafa mata. Na ɗaga hannu, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. To, tunda an hana ni magana a can, zan yi ta a nan, inda babu mai kaɗa mini ƙararrawa.

Gaskiyarta ta wani gefen, buɗewar minti biyar ce. Aikin shi ne abin da za ki tsaya ki faɗa wa mata ashirin da biyar kafin ko ɗaya ta taɓa shafin. Ni na faɗi nawa ba daidai ba, kuma akwai mace a Daurawa da take yawo da shaidar hakan a hannunta na dama.

Sabulu nake koyarwa, da man shafawa, a wata cibiyar matan aure da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Ɗaki biyu ne da rumfa. A ɗaki ɗaya ake karatu da rubutu, a rumfar ake haɗi. Ni kuwa ba a aji na koyi sana'ar ba. Shekara uku na yi a hannun Hajiya Ladidi, Allah Ya ji ƙanta, kuma shekarar farko ban taɓa komai ba sai bokiti da muciya. In wanke, in juya. Juyin ma gefe ɗaya ake yi, in kika sauya hannu ta ƙwace muciyar ta ce ki koma gida ki tuƙa tuwo. Kayan aikin ba su da yawa: sikeli, bokitin roba mai kauri, safar hannu, tabarau, mazubi, man ja ko man kwakwa, sai soda mai ƙuna, wadda ita ce ke mayar da mai sabulu, ita ce kuma ke cin fatar mutum. Ranar da Hajiya ta yarda na taɓa soda, sai da ta sa na faɗa sau bakwai ina kallon ta: ruwa a ƙasa, soda a sama, kaɗan-kaɗan. In kika juya, kika zuba ruwa a kan soda, tafasa take yi nan take ta yi tsalle ta same ki.

Boko kuwa sai da na haura arba'in na shiga. Buhunan kayan haɗi suka fara zuwa da rubutu, masu shago a kasuwa suna karanta mini abin da suka ga dama, na ga ba zan iya ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci. A wata na uku wani malami ya ɗaga littafina sama, jan biro ya cinye shi, ya ce wa ajin, "Ku ga yadda ba a rubutu." Wata biyu ban koma ba. Da na koma, sai da na tabbatar an sauya malamin. Na faɗi wannan ne don ku gane daga ina dokar da zan ba ku labarinta ta fito.

Wikin ya zo mana ne daga shugabar cibiya. Ga wadda ba ta sani ba, shafi ne a intanet na ajinmu kaɗai. Kowace ɗaliba tana iya buɗe shi a waya ta rubuta abin da ta koya, kowa tana iya gyara rubutun kowa, kuma akwai wurin da yake ajiye sunan wadda ta taɓa kowane layi da lokacin da ta taɓa. Matan ba su taɓa kiran sa wiki ba, kundi suke cewa. Na so shi tun ranar farko, domin littattafan ɗalibaina ba sa kai wata uku. Wani mai ya zube masa, wani yara sun yaga sun yi jirgi.

Makon farko ban faɗa musu komai ba, na ba su adireshi kamar yadda yarinyar taron ta ce. Ranar Alhamis na buɗe na tarar da sanarwar rasuwa biyu, da gayyatar suna, da hoton atamfa ana neman mai saye. A ƙarƙashin darasin man shafawa wani ya jera farashin tayar adaidaita sahu. Da na bincika, mijin wata ɗaliba ne. Da wayarsa take shiga, ta bar shafin a buɗe, shi kuma ya ɗauka wurin ajiye rubutu ne.

Ranar Asabar na ɗauki alli na rubuta doka biyu a saman allo. Ta farko: kowa ta shiga da sunanta, in wayar aro ce ta fita kafin ta mayar. Ta biyu: kundi ba guruf ɗin hira ba ne, abin da ya shafi haɗi kawai ake sawa. Na ƙara da baki cewa kowace mace za ta rubuta shafi ɗaya a wata, ko layi biyar ne, kuma abin da ta yi da hannunta za ta rubuta, da awon da ta yi amfani da shi. Ba na son "ɗan kaɗan" ko "daidai misali". Cokali nawa? Kofi wane iri? Wata ta ce, "Malama, ni da ido nake awo." Na ce, "Wadda za ta karanta ba da idonki za ta karanta ba."

Abu ya fara tafiya. Sai Rumaisa ta yi nata.

Rumaisa ita ce ƙaramar ajin, amarya ce da ta gama sakandare, hannunta yana gudu a waya. Akwai wata dattijuwa a lokacin, Hajiya Mairo, da ta yi mako biyu tana haɗa shafi a kan man kaɗe. Rumaisa ta buɗe, ta ga rubutun bai yi mata ba, ta share shi duka ta rubuta sabo mai kyau. Da zuciya ɗaya ta yi, har ta zo tana nuna mini. Hajiya Mairo ta buɗe wayarta a aji, ta nemi kalma ɗaya tata ba ta samu ba. Ta gyara mayafi, ta ce za ta je ta dawo. Na dawo mata da tsohon rubutun daga wurin ajiya a ranar, na je gidanta sau biyu, ta karɓe ni da fura ta ce za ta gani, amma ba ta sake taka cibiyar ba.

Na yi wa Rumaisa faɗan da sai da maƙwabta suka leƙo. Sannan na rubuta doka ta uku da manyan baƙaƙe, na ja mata layi biyu: KADA WADDA TA TAƁA RUBUTUN WATA.

Ku lura da abin da na yi. Na ɗauki abin da aka ƙirƙira don a riƙa gyara wa juna, na hana gyara. Kuma na faɗa wa mutanen da tun asali ba sa gyara wa babba magana. Matan da in dattijuwa ta ce yau Laraba alhali Alhamis ce, sai su ce, "Haka ne, Inna." Dama suna neman dalilin yin shiru, na ba su shi a rubuce. Wata bakwai ajin yana lafiya lau, babu faɗa, babu wadda ta gudu. Har na riƙa ba wasu malamai shawara su kwafi dokar.

A cikin watannin nan Inna Tabawa ta rubuta shafinta na farko. Ita ce babbar ajin bayan tafiyar Hajiya Mairo. Daga ƙauye ta zo zama wurin ɗanta a Ƙauyen Alu, ta haura sittin, kuma a hannunmu ta fara riƙe fensir. Da yatsa ɗaya take latsa waya, tana faɗin kowane harafi a fili. Ta zaɓi ta rubuta yadda ake jiƙa soda. Ranar da ta gama na buɗe a gaban aji, na karanta layi biyun farko, na ga awon daidai ne, na ce a yi mata kabbara. Ban kai ƙasa ba. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

A layi na huɗu ta rubuta: ki zuba soda a bokiti, sai ki kawo ruwa ki zuba a kai. Haka ta san ana kwaɓa komai tun tana yarinya, gari a ƙasa, ruwa a sama. A rumfa kuma ni kaɗai nake taɓa soda, su suna tsaye nesa, don haka hannunta bai taɓa yi ba balle ya tuna.

Sa'adatu, wata ɗaliba daga Daurawa, sabuwa ce, a tsakiyar zango ta shigo, darasin sodar ya wuce ta. Wata mai kanti a unguwarsu ta ce ta kawo sabulu ta gani, in ya yi kyau za ta riƙa ɗauka. Ta ƙagu. Ranar Juma'a da hantsi ta buɗe kundi a tsakar gidanta, ta bi shafin Inna layi-layi. Allah Ya taimaka ta kawar da fuska. Daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu ruwan sodar ya same ta. Maƙwabciyarta ta yi ta kwarara mata ruwa, aka sa ta a adaidaita sahu zuwa asibiti.

Ranar Asabar na shiga aji na rufe ƙofa. Inna ba ta zo ba, labari ya riga ya kai mata.

Na ce, "Wa ta karanta shafin Inna har ƙarshe?"

Hannu sha huɗu.

"Wa ta ga an juya ruwa da soda?"

Sai hannu ya fara tashi ɗaya-ɗaya, kamar ana jan su da igiya. Tara na ƙirga. Na Rumaisa ne na ƙarshe.

Na ce, "Ke da kika iya share shafi guda cikin minti biyu, layi ɗaya ya gagare ki?"

Ta ce, "Malama, ke kika ce kada mu taɓa." Ta nuna allo da haɓa.

"To bakinki fa? Shi ma na hana?"

"In je in ce wa Inna ta yi kuskure? Sa'ar kakata ce fa. Kuma ke kika sa aka yi mata kabbara. Na ɗauka wata sabuwar hanya ce da ban sani ba."

Wata daga baya ta ce, "Wallahi ni ma haka na ce, tunda Malama ta gani."

Na buɗe shafin na gyara layin da hannuna, na sallame su.

Shugabar cibiya ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a cire shafin Inna, kuma daga yau dattawan da ba su ƙware ba su riƙa karantawa kawai, yara masu sakandare su riƙa rubutawa. Na ce mata in aka yi haka, gara a rufe kundin, domin dattawan nan su ne dalilin buɗe cibiyar. Ta ce, "Ai ita Innar ma ta sauƙaƙa miki." Ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Littafin Inna ne da fensirinta da safar hannunta, ta aiko a mayar. Shugaba ta ce ta ba ni zuwa Litinin.

Ranar Lahadi na fara zuwa duba Sa'adatu, na ba ta haƙuri da bakina, na gaya mata laifin wa ne. Bayan la'asar na wuce Ƙauyen Alu da ledar a hannu. Na tarar da Inna a tabarma tana tsince shinkafa. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Na ajiye ledar a gabanta. Ba ta kalle ta ba.

Ta ce, "Malama, ni fa na gama. Shekara sittin ban iya rubutu ba, ban ƙona kowa ba. Na iya na wata bakwai, na ƙona 'yar mutane."

Na ce, "Inna, ba ke kika ƙona ta ba. Mutum tara sun gani sun yi shiru, ni kuma da ya kamata in karanta ban karanta ba."

"Da ban rubuta ba, me za su gani?"

Na shiga yi mata bayani cewa kowa yana kuskure, gyara ba cin mutunci ba ne, in an gyara wa mutum ba a rage masa komai ba. Ina cikin magana na ga tana kallona ta gefen ido.

Ta ce, "To ke an taɓa gyara miki a kundin nan?"

Na ce, "Ba a taɓa ba."

"Don babu abin gyarawa?"

Na ce ina jin haka ne. Sai ta ajiye farantin shinkafar, ta yi dariyar da har sai da ta share ido da gefen zani.

"Malama, don Allah sabulun salon nan da kika rubuta, kin taɓa yin sa?"

Sabulun salo shi ne baƙin sabulun gargajiya da ake yi da ruwan toka maimakon soda. Ban taɓa yi ba. Hajiya Ladidi na soda kawai ta koya mini. A wata takarda da aka raba mana a wani horo na gani, na kwafa na sa a kundi don ya cika. Ni da na kafa dokar cewa abin da hannunki ya yi za ki rubuta.

Ta ce, "Kin ce a samo tokar gawayi. Tokar gawayi! Ko kwana bakwai kika yi kina dafawa, miya za ki samu. Tokar kara ake nema, karan dawa ko na gero, shi ne ruwansa yake da kaifi. Kuma kin ce a tace sau ɗaya. Wa ya gaya miki? Ni da kakata muke yin sa tun ban kai tsawon turmi ba."

"Akwai wadda ta gwada nawa?"

"Mutum uku da na sani. Duka a kwata suka zubar, man kaɗensu ya tafi a banza. Kowacce ta ce hannunta ne ba kyau."

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ke ce Malama." Ta ɗauki farantinta. "Kuma ga doka a allo, har da layi biyu."

Na zauna ina kallon kajin gidan. Wata bakwai ina alfahari da aji mai zaman lafiya, ashe kowa tana ganin ramin da ke gaban 'yar'uwarta tana gaishe ta tana wucewa, ni ma har da nawa ramin.

Na ce, "Gobe ki zo ki gyara mini."

"A'uzubillahi. In gyara wa malamata a gaban yara?"

"Ni zan roƙe ki a gabansu."

Ta ce za ta gani. Na san wannan "zan gani", Hajiya Mairo ma ita ta faɗa mini. Na bar mata ledar na tafi.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi na tsayar da adaidaita sahu a ƙofar gidan ɗanta, na ce wa direban ya kashe inji. Na yi sallama na ce ba zan shiga ba kuma ba zan tafi ba, sai dai unguwa ta fito ta ga malama tsaye a rana. Ta fito tana mita, tana cewa ba ta taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba. Ledar tana hannunta.

A aji na ɗauki tsumma na goge doka ta uku. Na rubuta sabuwa a wurinta ina karantawa da ƙarfi: kowa za ta gyara wa kowa, har Malama. Layin da ya ɓaci kawai za ki taɓa, ki rubuta dalili a ƙasa da sunanki, sannan ki je ki gaya wa mai shafin da bakinki, da gaisuwa. Wadda ta ga kuskure ta yi shiru, ita ce mai laifi. Shafin da ya ambaci soda kuwa, babu mai aiki da shi sai na karanta har layin ƙarshe na sa sunana.

Sannan na ce, "Shafina na sabulun salo ƙarya ce. Ban taɓa yi ba, kwafa na yi. Waɗanda suka yi asarar mai, ku yafe mini. Inna, don Allah ki taimaka ki gyara mini."

Na buɗe shafin da sunanta, na miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta karɓa, ta nisantar da ita daga ido, ta karanta a fili tana bin layi da yatsa. Rumaisa ta matso za ta taimaka, Inna ta ɗaga mata hannu ta koma ta zauna.

Ta ce, "Duka zan share?"

Na ce, "A'a, Inna. Layin da ya ɓaci kawai."

Ta sake bin shafin daga sama zuwa ƙasa, leɓenta yana motsi. Ta ɗago ta dube ni.

"To Malama, ki samu wuri ki zauna. Layi shida ne."

Na jawo benci na zauna a cikin ɗalibai. Ta sa yatsa ta fara.